Loma Ukun da Kesawan Ya Ci Ranar Jan Karusa

Shekara arba'in da ɗaya ke nan, duk wanda ya yi sammako zuwa babban haikalin garinmu zai ga Kesawan yana fitowa daga tafkin wanka, jiƙaƙƙen zane a ƙugu, haƙora suna kaɗawa, yana mitar wai ruwan bana ya fi na bara sanyi. Daga nan sai madafa. Ya hura wuta, ya auna shinkafa da ido, ya maimaita wa masu yankan kabewa faɗan da ya yi musu jiya. Kafin rana ta karkata, mutum dubu uku sun zauna a jere gaban ganyen ayaba da ake zuba musu abinci a kai, mabarata da matafiya da 'yan kasuwar da rowa ta hana su sayen abinci, kowa ya ci ya ƙoshi, ba wanda ya tambayi sunan mai girki. Makon nan zai ajiye ludayi, ni kuwa na ga bai kamata ya tafi shiru ba.

Kowa a garin ya san labarin sarkin da ya gina haikalin bayan wata babbar yunwa, shekara ɗari bakwai da suka wuce. Ya yi alwashin kullum in ƙararrawar tsakar rana ta kaɗa za a kai wa Perumal, abin bautarmu, abincinsa, abin da aka sauko da shi daga gabansa kuma a raba wa duk mai jin yunwa. An yi yaƙi, an yi annoba, kogin Kaberi ya yi ambaliya, ba a taɓa fashi ba. Kakannin Kesawan shida ne suka riƙe madafar ciki kafin shi, kuma dokarta mai tsanani ce. Abincin na Perumal ne har sai an miƙa masa. Mai girki ba ya ɗanɗanawa, ba ya ko shinshinawa, da ƙyalle yake ɗaure baki da hanci. Tukunyar da mutum ya ci daga cikinta kafin lokacin ta ƙazantu, ba a miƙa ta, ba a raba ta, sai dai a binne abin da ke ciki. Shi ya sa Kesawan da ido da kunne ya koyi girki.

Shekara goma sha tara da suka wuce, ranar bikin jan karusar Perumal, jama'a sun haura dubu goma. Wani manomi ya kawo sadakar man riɗi jarka huɗu, na farkon girbinsa. Mu kuwa ba ma binciken kyautar da aka kawo wa Perumal, wa zai buɗe jarka a gaban mai sadaka kamar yana zarginsa? Kesawan ya juye man a manyan tukwane uku na shinkafa da tsamiya. Ya ga man ya yi wani farin kumfa da bai saba gani ba, gabansa ya ɗan faɗi, amma aiki ya sha kansa.

Saura kwata ƙararrawa ta kaɗa, Walliyamma mai shara ta leƙo ta ƙofar baya. Ita ce ta ba ni wannan ɓangaren da bakinta.

"Sami! Sami, zo ka ga wani abu," ta kira shi yadda muke kiran masu hidimar haikali.

"Walli, yau ma gulma? Ki bari a sauke tukuna."

"Wace gulma? Zo ka ga baƙinka sun kwanta."

Ya fita. A kewayen jarkokin da ya jefar, inda man ya ɗiga, ƙudaje ne birjik a mace, ga tururuwa sun dunƙule ba sa motsi. Walliyamma ta ce ba ta taɓa ganin jini ya gudu daga fuskar mutum haka ba. Ta cikin katanga yana jin hayaniyar masu jira, har da kukan jarirai.

Ya ruga wurin Rangachari, babban limamin haikali, wanda ya riga ya tsaya bakin madafa da masu ɗaukar tukwane.

"Kawu, a dakata. Man nan akwai wani abu a ciki."

"Wane abu?"

"Ban sani ba. Ƙudaje sun mutu a kansa."

"Ƙudaje! Kai Kesawan, rana ce ta buge ka? Shekara ɗari bakwai ba a yi fashi ba, sai yau don ƙuda ya mutu? Leƙa waje ka ga jama'a. In ka isa, fita ka gaya musu ba abinci."

Rangachari ba mugu ba ne. Shi ma tsoro ne ya cika shi, tsoron ya zama limamin da alwashi ya karye a hannunsa. Ya yafito masu ɗauka, suka fara zura sanduna a kunnuwan tukwane.

Kesawan ya dubi tukwanen. Ba shi da hujja sai matattun ƙudaje, kuma ya san hanya ɗaya ce tak ta hana tukwanen nan fita. In ya bi ta aka tarar abincin lafiya lau, ya zubar da abincin mutum dubu goma, ya tozarta Perumal, kuma jama'ar da ke waje ba lallai su bar shi ya kai gida ba. In kuma zarginsa gaskiya ne, shi zai fara mutuwa.

Ya fizge ƙyallen bakinsa. Ya tsoma hannu a tukunya ta farko ya kai loma baki, ya wuce ta biyu, ya wuce ta uku.

Masu ɗauka suka saki sanduna kamar sun taɓa wuta. Rangachari ya dafe kai.

"Ka kashe gidanku, Kesawan! Kakanni shida!"

"Kawu, duba agogo. Ka ba ni rabin awa."

Ya zauna a ƙasa ya jingina da bango. Ƙararrawa ta kaɗa, Rangachari ya suri ayaba da madara ya ruga ciki don kada Perumal ya zauna haka. Kesawan ya gaya mini cewa jiran nan ya fi komai muni, don bai san abin da zai roƙa ba, ya tsira a ce shi maƙaryaci ne, ko a gaskata shi ya mutu ya bar mata da 'ya'ya uku. Minti goma, ba abin da ya faru, aka fara yi masa wani irin kallo. Minti ashirin, miyau ya fara zubo masa ba ya iya tsayar da shi, gumi ya jiƙe shi, idonsa ya ƙanƙance. Ya kalli Walliyamma da ke bakin ƙofa tana kuka, ya ce, "Walli, kada ki bari ko kare ya lasa." Sai ya kife.

Kwana goma sha ɗaya ya yi a asibiti. Daga baya aka gano 'ya'yan manomin ne suka zuba man a jarkokin da aka taɓa sa maganin ƙwari, sun ɗauraye suna zaton ya fita. Masu kula da haikali suka ga bai dace maganar ta bazu ba, aka ce wa jama'a itace ne ya jiƙe, shi ya sa abinci bai fito ba. Doka kuma ba ta sauya ba, wanda ya ci kafin Perumal ba ya sake dafa masa. Aka mayar da Kesawan madafar waje, inda ake ƙaro abincin talakawa, gadon gidansu ya koma hannun wasu. Har yau hannunsa na dama yana rawa.

Kai ne wanda ya sayi rayukanmu da aikin kakanninsa, Kesawan. Kai ne aka raba da madafar ciki ba ka kai ƙara ba, washegarin sallamarka daga asibiti aka gan ka kana hura wuta. Na taɓa tambayarka ko ka yi nadama, ka ce, "Nadamata ɗaya, gishiri ya yi kaɗan a tukunya ta biyun."

Ban taɓa gaya maka wannan ba. Ranar ina cikin layi, na uku daga gaba, 'yata Minachi tana kafaɗata, shekararta biyu, tana kukan yunwa. Da ƙararrawa ta kaɗa aka daɗe abinci bai fito ba, na ɗaga murya na zagi mai girki, na ce a kori malalacin banza, mutane suka tafa mini. A lokacin kana bayan motar ɗaukar kaya ana kai ka asibiti, kumfa yana fita daga bakinka.

Na gode, Kesawan, kuma ka yafe mini. Ku kuma masu karatu, duk wanda aka ɗora wa amanar ciyar da jama'a, in ranar tsoro ta zo masa, ya tuna da mutumin nan ya tsaya. Ranar Juma'a ne girkinsa na ƙarshe. Zan zo da Minachi da 'ya'yanta biyu, su durƙusa su taɓa ƙafarsa, su san dalilin da ya sa suke raye.