Yatsan Baba Tawada

Ba wanda ya kai Baba Tawada daɗewa a shagon buga takardun nan, sai dai teburinsa. Tun maigida na da rai yake can ƙurya, bayan injin kwafi, yana ɗura wa kwanson firinta tawada da sirinji. Ɗurawar kowa ma ya iya, toshe hudar ce aikin. Wasu salatif suke liƙawa, kwana biyu ya ɗaye, tawada ta malale a takardun mutane. Shi kuwa narkakken gam yake ɗigawa, ya danne da yatsa tun da zafinsa, ya riƙe har ya sandare. In wannan yatsan ya sale ya koma wancan, har ya zagaye su duka, suka yi sumul kamar bayan cokali.

Matarsa ta yi mita har ta gaji. "Malam, hannu ne wannan ko dutsen guga?"

Sai ya yi dariya ya ce ai gam in ya huce ba ya kamawa.

Da maigida ya rasu, autansa ya karɓi shagon. Yaron da Baba ya sha goge wa majina da gefen rigarsa! Abin da ya fara kawowa shi ne na'urar dangwala yatsa a bakin ƙofa. Wanda ta karɓa ya zo aiki, wanda ta ƙi bai zo ba. Ranar rajista da ƙyar ta ɗauki na Baba, daga nan kuma ta ce ba ta san shi ba. Kullum da safe zai goga yatsa a wando, ya hura masa iska, ya danna, ta nuna masa jar wuta. Abin ya ci masa rai, amma ya wuce ƙuryarsa ya kama aiki.

Ƙarshen wata Auta ya kira shi ofis.

"Baba, na'ura ta nuna ba ka zuwa."

"Ɗana, wa ya buɗe maka ƙofa ɗazu?"

"Ni ban ce ƙarya kake ba, Baba. Amma in na ɗaga maka ƙafa, sauran fa? Ka je gida ka huta haka nan."

Wai ka huta! Ji rashin ta ido. Baba ya ciro kwanso ɗaya daga aljihu, ya sa babban yatsansa a lotsawar da ya bari a gam ɗin, yatsan ya zauna daram. Cikin takaici ya ce, "Dubi nan. Wa ya yi wannan in ban zo ba?"

Auta ko ɗaga kai bai yi daga wayarsa ba. Ya turo masa takardar sallama da 'yar katifar tawada, ya ce ya dangwala a ƙasa.

Baba ya dangwala. Abin ya fito baƙin ɗigo kawai, ba zane ko ɗaya. Auta ya ɗaga takardar ya duba, ya hura mata iska ta bushe.

"Ya yi, Baba," in ji shi. "Wannan ya isa."