Sunusi mai jirgin feshin jan-baki

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shirin fita gona ƙaninsa ya kira ni, ya ce Sunusi ya rasu. Jirginsa ya faɗi jiya da yamma.

Har yanzu ban iya karya kumallo ba.

Ƙauyenmu ɗaya da shi, nan kusa da Zakirai. Tare muka yi korar tsuntsu a gonar gero muna yara, da gwangwani da majajjawa. Ni na zama malamin makaranta, shi ya zama matuƙin ƙaramin jirgin da ke feshin tsuntsayen jan-baki in sun addabi manoma. Muna tsokanarsa cewa har yau aikin bai canza ba, majajjawar ce ta yi fiffike.

Abokan aikinsa sun ce ya gama feshi yana komawa, sai hadari ya taso daga gabas da iska mai ƙarfi, ya rufe shi. Da jirgin ya ɓullo daga gajimaren, a karkace yake, kuma ya yi ƙasa da yawa. A wata fadama ya faɗi, nesa da gidaje. Shi kaɗai ne a ciki.

Lokacin da mahaifina yake asibiti a Kano, Sunusi ne ke kai mana abinci, daga wurin aiki, ko yunifom bai cire ba. Ya taɓa zuwa ajina ya yini yana amsa tambayoyin ɗalibai, bai ƙosa ba.

Ganinmu na ƙarshe da Babbar Sallah ne. Muna cin ɗanwake a zaurenmu na ce, “Kai ba ka tsoron injin ya mutu a sama?”

Ya ce, “Malam, injin ina da abin yi masa. Hadari nake tsoro. In ka shiga cikinsa ba ka ganin ƙasa, jikinka na ce maka daidai kake, alhali ka karkace.”

Sai ya ce in miƙo masa yaji.

Ya bar mata da yara biyu, da Inna Hajo, mahaifiyarsa, wadda ke fitowa tsakar gida duk sanda ta ji ƙarar jirgi.

Allah Ya jiƙanka Sunusi, Ya sa hatsin da ka tsare wa talakawa ya zame maka haske a kabari. Allah Ya ba Inna haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta, ya sa shi a addu'a.