Tokar Baba Tsanko

Unguwarmu a jikin dutse take, kuma babu hanyar sauka kasuwa sai matakalar duwatsun nan da ƙafafu suka goge har ta yi sumul. Tun kafin a haife ni Baba Tsanko ke kula da ita. Ma'aikacin shara ne na gari, ya yi ritaya amma bai ajiye tsintsiya ba. Idan kaka ta shigo, ganye ya fara zuba, yakan share shi kafin ruwa ya jiƙa shi, ya kankare gansakuka da guntun ƙarfe. Idan hunturu ya zo kuma, ruwa ya daskare a kan duwatsun saboda tsananin sanyi, sai ya barbaɗa tokar murhunsa a kan ƙanƙarar don ƙafa ta sami abin kamawa. Abin alfaharinsa ke nan, babu wanda ya taɓa karyewa a matakalarsa.

Bana ne kansa ya fara rikicewa. Da ya ga dutse yana ƙyalli bayan ruwan sama, sai ya ɗauka ƙanƙara ce, ya juye toka a kan jiƙaƙƙen ganye. Toka kuwa idan ta sha ruwa, santsinta ya fi na sabulu.

Wata safiya na tarar da matarsa, Inna Velichka, a durƙushe da bokiti da buroshi tana wanke abin da ya zuba. Na karɓi bokitin, ta zauna a kan dutse tana haki.

"Ɗana, abin da ka gani ya tsaya a cikinka," in ji ta. "Tun ranar da ya bar gas a kunne, Rumen ya ce in uban ya sake wata ɓarna, gidan tsofaffi zai kai shi."

Rumen ɗansu ne tilo, yana aiki a birni.

"Inna, me zai hana ki ɓoye tokar?"

"Na ɓoye bokitin, ya kwasa a hularsa. Na ce masa sanyi bai zo ba tukuna, ya ce wai so nake mutane su karairaye. Na cika masa bokitin da yashi, ya murza a hannu ya ce shi za a mayar yaro?"

Daga baya ma daina hura murhun ta yi gaba ɗaya. Suka zauna cikin sanyi da rigunan ulu, shi kuma ya riƙa bin gidaje yana roƙon toka. Waɗanda ba su san halin da ake ciki ba suka riƙa ba shi.

Wata ranar Laraba Baba Tsanko ya riga Inna Velichka fita, ya zuba tokarsa. Maƙwabciyarsu Stoyna ta ɗauko kwalaben gasasshen barkono za ta kai wa 'yarta, ƙafarta ta zame. Ƙarar fashewar kwalba ce ta fito da mu. Muka same ta zaune cikin jan barkono, riƙe da wuyan hannu, bayan rigarta duk toka.

"Velichka! Fito ki ga aikin injiniyan gidanku!"

"Ni na zuba, Stoyna. Bokitin ne ya kuɓuce mini."

"Ke? Tun muna 'yan mata ba ki iya ƙarya ba, yau za ki koya a kaina?"

Sai ga Baba Tsanko ya sauko da tsintsiya, fuskarsa a murtuke. "Wa ya faɗi a matakalata? Au, Stoyna ce. Sau nawa zan ce miki ki bar takalmin 'yan mata? Don ma na zuba toka, da yanzu kina kasuwa a kwance."

Stoyna ta buɗe baki za ta rama, ta dube shi, sai ta juyo ta ce mu ɗaga ta. Da muka ɗaga ta, ta ce wa Inna Velichka a hankali, "Yau hannuna ne. Gobe ƙugunki ne, 'yar'uwa, sannan wa zai duba shi?" Daga asibiti Stoyna ta buga wa Rumen waya.

Ya iso ranar Asabar ana yayyafi. Bai yi faɗa ba. Ya taɓa murhun ya ji shi sanyi ƙalau, ya dubi hannun uwarsa da ruwa ya tsattsage, ya shiga ɗaki ya haɗa kayan uban. Inna Velichka ta roƙe shi har muryarta ta dishe, daga ƙarshe ita da kanta ta saka safar ulu a cikin jakar.

Mota ba ta hawowa unguwarmu, dole a sauka da ƙafa. Baba Tsanko ya kama hannun ɗan nasa kamar yadda yake kama na baƙi.

"Malam, ka bi ta gefen bango, tsakiyar ta cinye. Sannu a hankali. Kai baƙo ne, ko?"

"E, Baba," in ji Rumen.

"Ai na gani. Kada ka damu, zan kai ka har ƙasa. Amma ba zan daɗe ba, ganye ya taru a sama."

Inna Velichka ba ta bi su ba. Ta tsaya a bakin ƙofa dafe da bango har suka sha kwana.