Amarya Mai Fuska Biyu

Ga ta tsaye cikin rana a bakin shagon kayan kwalliya a unguwar Akébé, lalle har gwiwar hannu. Ina jin bikin gobe ne, kuma ita za ta yi wa kanta kwalliya. Rabin fuskarta kwalli ne kawai da man leɓe. Ɗaya rabin kuwa, wallahi hodar ta kai buhun siminti, ga gashin ido kamar tsintsiya. Tana riƙe da madubi, tana jiran zufar Libreville ta zaɓar mata.

Can sai simintin ya fara zuba, tsintsiyar ta faɗo.

"Amarya, in kawo gam?" in ji mai shagon.

"Bar shi, Baba!" Ta yi ajiyar zuciya, tana gogewa tana dariya. "Dama ƙawayena ne suka matsa min. Alhamdulillahi, gobe angona zai gane ni."