Soket Biyu a Akwatin Abdussamad

Abdussamad mutumin Malbaza ne, mai aikin kuran, wato wutar lantarki, a izin, masana'antar siminti. Tun yana lakwal, makarantar boko, yake tsintar matattun rediyoyi yana farke cikinsu, har malaminsa ya taɓa cewa ko dai ya zama gwani ko ya ƙone gidan ubansa. Gidan bai ƙone ba. Ya girma ya zama mutum marar yawan magana, wanda in ya taso daga aiki, gira da gashi duk fari fat da ƙurar siminti, ba ya zama majalisa. Zaure yake shiga, wurin akwatinsa.

Akwatin katako ne, tsayinsa ya kai ƙirji. Shi ya haɗa shi da hannunsa: gilashin tsohuwar talabijin a sama, lasifika a ƙasa, a ciki kuma wata ƴar na'ura mai ajiye sauti, da batir ɗin da pano, faifan hasken rana, ke cikawa daga rufin ɗaki. Ya bi kowace tsaga ya toshe da danƙo saboda ƙura. Matarsa Lubabatu, ɗiyar makiyaya ce daga wajen Alela, takan ce da akwatin na iya dama fura da tuni an mayar da ita rugarsu.

Wata rana yana gwada makirufo ta shigo da abinci, ta tsaya tana yi masa surutu, na'urar ta ɗauka. Bai goge ba, don mantuwa kawai. Da Lubabatu ta rasu wajen haihuwa, ita da jaririn, sai ya zamana duk duniya babu inda muryarta ta rage sai cikin akwatin nan. Ma'ajiyar sautin a manne take da na'urar, ba a zare ta. Ya ji tsoron ko murfin ya buɗe.

Da labarin muryar ya kai ga Adda, uwar Lubabatu, ba ta zo da kanta ba, don ɗiyar fari ce, ko sunanta ba ta kamawa. Ɗanta Sajo ta aiko.

"Inna ta ce wai ko abin nan na shiga salula," in ji Sajo. "Da ruwa ya sauka za mu yi arewa da shanu. Tana son ta tahi da shi."

"Yana shiga. Sai na huda katakon na sa soket daga waje."

"To huda mana, Bahaushe. Ko sai an kawo maka malami?"

Dariyar da Abdussamad ya yi ran nan ita ce ta farko tun bayan rasuwar.

Soket biyu yake bukata: ɗaya ta fitar da sauti zuwa salula, ɗaya ta shigar da wuta daga batir na waje, don kada akwatin ya ɗauke ana tsakiyar kwafa. Ya hau moto zuwa Ƙonni wurin Dogo, mai shagon kayan lantarki a bakin kasuwa. Lokacin iyaka na rufe, kayan Sakkwato sai wanda ya ratso ta daji.

"Irin wadda kaka so babu ta, wallahi," in ji Dogo. "Yau mako nawa nike jiran kaya."

"Duba dai ƙasan kwalin can."

"Kai kullum ƙasan kwali! Can surukarka ta aje maka gado?"

Ya zazzage kwalin. Aka samu wasu soket guda biyu masu zagayen ƙarfe, an ciro su daga wani mataccen inji, da filoginsu. Iri ɗaya ne sak, kamar tagwaye.

"Masu ƙarfi ne," Dogo ya ce. "Amma ka shafa ma ɗaya fenti."

"Wa ke taɓa akwatin in ba ni ba?"

Ranar hutunsa ya yi aikin. Ya cire danƙon a hankali, ya huda katako, ya ɗaure soket ɗin, ya narka dalma ya haɗa wayoyi, yana lallaɓawa kamar mai yi wa jariri aski. Ta dama ta wuta, ta hagu ta sauti. Ya kunna, muryar ta fito lafiya. Salularsa ta ƙi karɓa, sai irin ta Sajo, don haka ya aika a ce su zo ranar Juma'a. Ya rataye wayoyin biyu a ƙusa.

Ruwa ya riga Juma'a sauka. Hadari ya rufe sama tun Talata, batir bai cika ba, makiyaya kuma suka fara ɗaure kaya. Ran Laraba Abdussamad ya dawo daga izin da la'asar, ya ga moton Sajo a ƙofar gida, an cire masa batir. Tun daga nan ya ji ƙauri.

Adda na zaune a tabarma, ta juya fuska ga bango. Sajo na tsugune gaban akwatin, batir ɗin moto a gabansa, waya ta tashi daga batir ɗin ta shiga soket ta hagu.

"Ya ƙi kamawa ne," Sajo ya ce, bai ɗago ba. "Inna ta ce ko sau ɗaya ta ji kahin ka dawo. Na ga wayar ta shiga daidai. Yaya, daidai ta shiga."

A ruga haka ake yi, duk abin da ya mutu batir ɗin moto ake jona masa. Abdussamad ya san haka. Ya zare wayar, ya buɗe murfin. Na'urar ta yi baƙi a gefe ɗaya, ma'ajiyar sautin ta kumbura ta tsage. Ya daɗe a sana'ar nan, bai bukaci ya kai wa Dogo ba.

Sajo ya fara maganar karsanar da zai kawo don biyan ɓarnar. Abdussamad ya ɗaga masa hannu ya tsayar da shi.

Can Adda ta yi magana, ba ta juyo ba. Tun da ya auri ɗiyarta ba ta taɓa yi masa doguwar magana ba.

"Kai ka ji ta. Mi yarinyar ta ce?"

Ya zauna a ƙasa. Ya share maƙogwaro, ya ce ta ce abinci na hucewa. Ta ce gishiri ya ƙare, kuma akuyar maƙwabta ta sake cinye mata zogale, in ta kama ta sai an yi shari'a. Ta tambaye shi ko wannan abin yana jin ta. Da ya ce yana ji, sai ta ce to ya gaida mutanen ciki, ta yi dariya.

"Yaya ta yi dariyar?"

Ya gwada. Abin da ya fito daga bakinsa wani sauti ne busasshe, na namiji mai ƙura a ƙirji.

Adda ta saurara har ya gama. Ta gyara mayafinta, ta dafa bango ta miƙe.

"Ba haka take yi ba," ta ce a hankali. "Sajo, maida batir ɗin. Shanu na jira."