Kurciyoyin da Ba Sa Gudu

Jiya Sabi'u, ƙanin matata, ya shigo gidana a Kiru yana washe baki, riƙe da tsuntsaye yankakku. Kwanan nan ya fara harbin kurciya, ga shi tun da aka gama sussukar dawa suka yi wuyar samu.

Ya ce, "Yaya, kai ta wahala a bakin rafi! Ni na gano inda ba sa gudu ko ka matso."

Na ce, "Ina?"

"Bayan gidan Liman."

Na duba da kyau. Tantabarun Liman ne, har da mai zobe a ƙafa.

Yanzu maharbin ya maƙale a ɗakina, ni kuwa kullum a sahun gaba nake sallah. Jama'a, da wane baki zan gaida Liman?