Abin da Na Haɗiye a Rumfar Cadawa

A shekarun da ƙasarmu ta samu 'yancin kai, ni matashi ne mai ji da kansa. Na yi lakol, wato makarantar boko, na yi dako a Kumasi, na zauna Yamai, na dawo Cadawa da Faransanci da Zabarmanci a bakina. Shi ya sa da aka tara ungozomomin ƙauyukanmu a rumfar asibiti don a horar da su, ni aka ɗauka tafinta, domin malamar da aka turo, Baturiya ce, ba ta jin Hausa.

Rana ta uku ta ɗauko 'yar tsana, ta ce in gaya musu idan jariri ya faɗo bai yi kuka ba, a share masa baki, a goge bayansa da zane, in bai motsa ba a ɗora baki a kan bakinsa da hancinsa a hura a hankali. Da ta nuna, rumfa ta kaure da dariya. Wata tsohuwa daga Gangara, sa'ar kakata, ta kira ni maigidanta, ta tambaye ni cikin nawa na taɓa ɗauka da zan koya musu haihuwa. Kunya ta rufe ni. Sai na ce musu wannan al'adar Nasara ce kawai, su riƙe tasu. Da malamar ta tambayi dalilin dariyar, na ce mata sun gane ne.

Da damina matata ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a Gangara, haihuwar fari. Ranar kasuwa da hantsi na biya gaisuwa, na tarar tana naƙuda, kuma tsohuwar nan ce a kanta. Muna zaune a zaure da surukina sai na ji ana buga tasa, kamar yadda ake yi a kunnen jaririn da ya ƙi kuka. Na ji an kira ruwan sanyi. Na san abin da ke faruwa, na kuma san abin da ya kamata a yi, kalma bayan kalma, cikin harsuna biyu. Amma wane ne zai kutsa ɗakin haihuwa a gidan surukai, a kan ɗan fari? Surukina yana jan casbi, ni ina kallon yatsun ƙafata, har tasar ta yi shiru. Wanda ya kai gawar jaririn makwanci ya ce da ɗuminsa ya karɓe shi. Namiji ne. Ba a raɗa masa suna ba.

Kowa ya ce kwana ne ya ƙare, ni ma na yarda rai na Allah ne. Amma bayan shekaru, a wani asibiti a Abijan, na ga an hura wa jariri shuɗi numfashi, kafin a sha kofin ruwa ya tsala kuka. Na fita na zauna a ƙasa. Matata ta rasu ban faɗa mata ba. Har yau in yara suka buga tasa a gidana, abinci ba ya shiga.

Ku da ake koya wa wannan aiki yanzu, da ku masu isar da shi, kada ku rage komai don tsoron dariya. Kunya ado ce, amma ba ta hura numfashi. Da na jure dariyar rumfa ta yini ɗaya, wataƙila da yau akwai mai suna a wannan labari.